Faifai Na Uku

Faifai ɗaya Malam Tafireta yake bin gidana, kuma sai da furfura ta gama cinye min kai sannan na sani. Ba kuɗi ba ne, da kuɗi ne da tuni na ji shi a jikina. Wani ɗan baƙin abu ne mai kusurwa huɗu, bai cika tafin hannu ba, irin wanda ake zura wa kwamfutocin da. Autana ne ya aro shi yana yaro, ni kuma na tsaya masa. Ni ɗin nan, da na tsufa ina sayar da sabulu da kananzir a bakin layinmu, ban taɓa kwana da allurar wani a ɗakina ba.

Ga yadda asirin ya tonu. Na zame a banɗaki na karye a ƙugu. Da aka sallame ni daga asibiti, Auta ya ce ba zan koma gidana ni kaɗai ba, ya kwashe ni zuwa nasa gidan, can saman bene, inda mutum ba ya ganin kowa sai tsuntsaye da wayoyin wuta. Ya ɗauki hutu a wurin aiki wai zai yi jinyata. Aikin nasa ma na kwamfuta ne, har yau ban gane shi ba, yana zaune ana biyansa. Jinyar ita ce ya jawo kujera kusa da gadona, ya ɗora kwamfuta a cinya.

Ran nan da rana sai na ji wani kiɗa yana fita, siriri, kamar ana matse kyanwa. Na duba, ga ƙato ya haura arba'in, ga sanƙo ga tumbi, yana washe baki.

"Inna, kin tuna wasan nan da nake yi a shagon Malam Tafireta? Na samo shi! Ashe har yanzu ana sayar da shi."

Na tuna mana. Malam Tafireta shi ne mai buga wa mutane takardu a layinmu, shagonsa yana kallon teburina. Shi ya fara kawo kwamfuta unguwar, kuma in aiki ya lafa yakan bar Auta ya zauna kusa da shi su yi ta wannan wasa, babba da yaro, har sai na aika a kira min shi.

Tunda ba ni da wurin zuwa, na ce ya juyo min da abin in gani. Ba irin na yaran yanzu ba ne mai harbe-harbe da gudu. Hoto ne a tsaye, kamar an zana shi da ƙananan tubala. Akwai wani saurayi mai jar hula da dogon hanci. Auta yana motsa ɗan abin nan da suke cewa linzami, wata 'yar kibiya tana yawo a gilashin, duk inda ya danna saurayin zai taka ya je. Ka danna mutum, su yi magana. Ka danna kaya, ya ɗauka. Wai an sace ƙararrawar garinsu ne ya fita nema. Auta yana karantawa yana juya min da Hausa.

Ba a yi nisa ba na gane irin yaron da muke tare da shi. Ya shiga shagon wanzami, wanzamin ya juya baya, ya ɗauke almakashi. Ya shiga gidan mutane ba sallama, ya buɗe akwati, ya ɗauki kyandir da safa ƙafa ɗaya. Ya ga tsani a jingine, tsani guda cur, ya cusa shi a aljihun wando ya wuce.

Na ce, "Kai Auta, wannan ɗan gidan wa ne?"

"Inna, haka wasan yake. Duk abin da aka gani ɗauka ake yi, zai yi amfani a gaba."

"Haka kowane ɓarawo yake cewa."

Sai muka iso wurin wata tsohuwa a bakin rijiya, da guganta guda ɗaya tal, da igiyarsa. Wannan karon bai sata ba. Ya tsaya ya yi mata daɗin baki, ya ce ta ara masa, yanzu-yanzu zai dawo da shi. Ta ce da shi take cin abinci. Ya rantse. Ta ba shi. Na ce a raina, to, sata dai tsakaninsa da Allah, amma wannan aro ne, da shaida, kuma ni ce shaidar.

Kwana da kwanaki ina bin gugan nan da ido. Ya kifa shi a kan wani maigadi ya shige. Ya tatsi akuyar mutane a ciki. Ya taka shi ya leƙa taga. Duk sanda hanya ta biyo da shi ta rijiyar, tsohuwar tana nan tsaye hannu sake, in ka danna ta sai ta ce, "Yaro, ina gugana?" Shi kuma ya ce, "Yana nan tafe." Auta ya yi ta dariya, wai yana yaro bai gane abin dariya ba ne sai yanzu.

Shi kansa Auta wasan bai zo masa yadda ya zata ba. Yana ta cewa, "Kai, ashe garin nan ɗan ƙarami ne haka? Da ina ganinsa kamar duniya guda." Kuma ba shi da haƙurin da yake da shi a da. Wurin da ya ce sun yi wata guda da Malam suna kai da kawowa, yanzu in ya ɗan cije sai ya zaro waya, ya duba amsa, ya wuce. Na ce masa satar amsa ke nan. Ya ce shi yanzu babba ne, ba shi da lokaci. Mutumin da yake zaune da gajeren wando tun safe.

Kafin hutunsa ya ƙare ya kai ƙarshe. Aka rataya ƙararrawa, gari ya fito ana rawa, aka ɗaga mai jar hula sama. Can a gefen hoton, ga tsohuwar a bakin rijiya, hannu sake.

Na ce, "Gugan fa?"

"Ai ya faɗa kogi tun a kan gada, Inna."

"Koma baya. Kafin gadar."

Ya yi tsaki ƙasa-ƙasa, ya dai koma. Na sa ya kai saurayin rijiya, ya ɗauko gugan da kibiyar ya ɗora a kan matar. Sai ɗan banzan yaron nan ya juyo ya kalle mu, mu da muke zaune, ya ce wai yana ganin zai ƙara buƙatarsa. Aka sake. Ya sake faɗa. Wallahi da ƙuguna lafiya da na tashi. Wato waɗanda suka ƙera abin, sun zauna sun zana akuya da tsani da safa, amma ba wanda ya tuna ya bar ƙofar da za a mayar wa baiwar Allah kayanta.

Da a nan maganar ta tsaya, da haushina ya ƙare a kan mutanen cikin gilashi. Amma daɗin tuna baya ya ɗebi Auta, ya shiga ɗaki ya fito da wani tsohon gwangwani na tarkacen yarintarsa, zai nuna wa matarsa. Ya ɗaga wani ɗan baƙin abu.

"Kin ga, a irin wannan wasan yake zuwa a da. Guda uku ne, in ka gama ɗaya injin ya ce ka saka na gaba."

Ban yi boko ba, amma na san lamba, kuma na san hatimi. Ga uku a rubuce. Ga tauraro cikin da'ira da shunayyar tawada, irin wanda Malam Tafireta yake bugawa a kan duk abin da yake nasa, har fankar shagonsa.

Na ce, "Miƙo nan."

Fuskarsa ta canja tun kafin ya miƙo. Nan take ranar ta dawo min kamar jiya. Auta ya zo teburina yana magiya, wai na abokinsa na ukun ya lalace, yana so ya ari na Malam su ƙarasa wasan a gidansu, Malam kuma ya ce ba ya ba yara aro sai da babba. Na tsallaka titi da ƙafata, na ce, "Malam, ba shi, yana wuyana." Bayan kwana biyu na tambayi Auta, ya ce ya mayar.

"Ka ce min ka mayar."

"Inna, abin fa ya fi shekara talatin."

"Ban tambaye ka shekarunsa ba."

Matarsa, yarinya mai hankali, ta tattara kofuna ta ba mu wuri. Ya sunkuyar da sanƙon nan ya ce a aljihun baya ya sa shi, ya manta ya zauna a kai, ɗan ƙarfen bakin ya lanƙwashe. Ya ji tsoron Malam, ya fi jin tsorona. Sai ya daina bin ta gaban shagon, daga baya ya tafi makarantar kwana, magana ta bi iska.

Ta bi iska a wurinsa. Ni fa? Shekara talatin ina zaune a gaban shagon mutumin nan ina yi wa masu cin bashina tijara da babbar murya. Ina cewa matar wani direba ta ji kunya a kan sabulu sanda ɗaya. Ina bugun ƙirji ina cewa duk layin nan a nuna wanda yake bi na ko tsinke. Shi kuma yana ji, yana buga tafiretarsa, bai ce uffan ba!

Auta ya ce zai aika masa da wani abu mai kauri. Na ce ba aike a ciki, ƙafar da ta je aro ita za ta je mayarwa, kuma da ni za a je. Ya ce likita ya hana ni hawa da sauka. Na ce likita bai tsaya wa kowa ba. Ranar Asabar shi da maigadin gidan suka sauko da ni a kan kujerar roba kamar buhun gawayi.

Shagon Malam yanzu masu gyaran waya ne a ciki. Shi yana bayan layin, a gidan 'yarsa, a wani ɗaki mai taga ɗaya da talabijin. Ya rame, tabaransa ya yi kauri kamar gindin kwalba. Da muryata ya gane ni.

"A'a! Mai Sabulu da kanta? Wa ya ci bashi a gidan nan?"

"Ni ce na ci, Malam, kuma kai ka ja min."

Na sa Auta ya durƙusa ya miƙa masa. Ya karɓa, ya shafa, ya kai shi dab da hancinsa. Sannan ya yi 'yar dariya ya ce, "Na uku."

Na ce, "Malam, tsakaninka da Allah, me ya hana ka tambaya ta? Ka bar ni ina ta cika baki a gabanka kamar mahaukaciya."

"Na tambayi yaron sau ɗaya a hanya. Daga ranar in ya hango ni sai ya tsallaka titi. Na ga in na kawo miki ƙara, dukan da zai sha zai sa ya tsani kwamfuta har abada. Kuma yaron yana da baiwar abin."

"Wato ka yi mana alheri a ɓoye, ka ƙara mana wani bashin a kan na farko. Wa ya roƙe ka?"

Auta ya sa baki, wai zai saya wa Malam sabuwar kwamfuta, babba. Na ce ya rufe min baki, ba kwamfuta aka ara masa ba. Malam ya juya faifan a hannu, ya taɓa inda ya lanƙwashe.

"Wannan kam ya mutu, injin da zai karanta shi ma ya riga shi. Ni ba shi ne ya dame ni ba. Bayan ka tafi da shi, na ci gaba ni kaɗai. Na sha wuya, na kai har bakin gada. Ina danna gadar, injin ya ce in saka faifai na uku. Na jira ka. Na nemi wanda ya sayar min, ya bar gari. Har injin ya lalace mai jar hula yana tsaye a bakin gadar nan. Wani lokaci ina kwance sai in ce, wai me ke tsallaken?"

Auta ya yi farat ya ce, "Ai Baba, in ka haye, akwai wani..."

Malam ya toshe kunnuwa da hannu biyu, tsoho da shi. "Kul! Kada ka kuskura! Na jira shekara talatin don a ba ni labari a baki?"

Nan na gane abin da ake bin mu. Na yanke hukunci a wurin: duk Asabar Auta zai kawo kwamfutarsa, ya haɗa ta da talabijin ɗin don hoton ya yi girma, Malam ya yi wasansa da hannunsa har ƙarshe. Auta zai karanta masa rubutun da idonsa bai kai ba, ban da haka ba zai ce komai ba. Wayarsa kuma tana jakata daga shigarmu har fitarmu.

Malam ya ce daga farko zai soma, ya manta hanya. Auta ya dube ni kamar zai yi kuka.

Ban taɓa ganin biyan bashi mai daɗin kallo irin wannan ba. Malam ba ya sauri. Kibiyar tana yawo kamar ƙuda kafin ta sauka. Sai ya danna kowane dutse, kowace taga, ya ji abin da saurayin zai ce. Sai ya yi hira da kowa har maganarsu ta ƙare su fara maimaitawa. A wurin maigadin nan ya cije, Asabar ta zo ta wuce, wata ta zo ta wuce. Ya ba maigadin kyandir, ya ƙi. Ya ba shi safa. Ya gwada almakashi a kan akuya. Auta yana gefe ya san amsa, yana murza gwiwa, yana kumbura kamar tulun da aka toshe.

"Baba, da dai ka ɗan duba aljihun..."

"Auta," na ce, "kai da ka iya shiru shekara talatin, na yini ɗaya ne zai gagare ka?"

Da Malam ya gano da kansa cewa kifa gugan ake yi, ihun da ya yi sai da 'yarsa ta shigo da gudu da ludayi a hannu.

Abin da ya ɓata min rai da shi ɗaya ne. Da ya iso wurin tsohuwar tun farko, ina kallo, shi ma ya danna maganar daɗin bakin nan ya karɓi gugan.

Na ce, "Haba Malam! Har da kai? Kai da ka san zafin abin?"

"Mai Sabulu, in ban karɓa ba wasan ba zai tafi ba. Tun wancan lokacin na gwada mayar mata, ya ƙi."

"To ka ƙi tafiyar mana."

Suka yi min dariya su biyun. A kan wannan ne kaɗai bakinsu ya zo ɗaya.

Na riga na ajiye sanda ɗaya ina tafiya da ɗaya ranar da ya kai gadar. Ya kai kibiyar kanta, ya danna, sai ya saki linzamin ya naɗe hannu. Jira yake injin ya tambaye shi. Ba abin da ya tambaya. Mai jar hula ya taka gadar, gugan ya suɓuce ya faɗa ruwa, ya haye abinsa. Malam ya cire tabarau ya goge da bakin riga, ya daɗe yana gogewa. Auta ya kau da kai yana kallon taga.

Abin da ke tsallaken kuwa, wata 'yar hasumiya ce da ɗaki biyu, da ɓarawon ƙararrawar, wani gajeren mutum mai tsoron atishawa. A yinin nan Malam ya gama. Aka yi rawar, aka ɗaga saurayin, sunayen masu ƙera wasan suka fara hawa gilashin.

Malam ya ce, "Shi ke nan?"

"Shi ke nan, Baba."

"Ni da na gina birni guda a tsallaken nan, da kasuwa da jiragen ruwa. Ashe ɗaki biyu ne." Ya girgiza kai yana dariya. "Kuɗin masu ƙera shi ne ya ƙare, ka gani ai. Duk ƙoƙarin yana faifai na ɗaya."

Na ce, "Malam, kada ka yi min haka. In abin da aka biya ka bai kai ba, ka faɗa yanzu. An biya ko ba a biya ba? Ka ɗaga murya, 'yarka ta ji, ta zama shaida."

Ya laluba ya dafa sanƙon Auta. "An biya, Mai Sabulu. Ba na bin gidanki komai." Ya jefa mataccen faifan a aljihun gaba ya danne da hannu. "Amma yaron nan ya ce min wasan yana da kashi na biyu, wai mai jar hula ya tafi teku. Asabar mai zuwa ku zo da wuri."

Auta ya kalle ni. Na ce wannan kuma tsakaninsu, ba da bakina aka ɗauka ba. Na zaro wayarsa na ba shi.

Muna shirin tashi hoton ƙarshen yana nan a talabijin, gari yana ta rawa. Na matsa kusa da sandata. Tsohuwar tana nan a gefe, a bakin rijiya, hannu sake. Na tambayi Auta su waye suka ƙera wasan, a ina suke. Ya ce kamfanin ya daɗe da rushewa, mutanen sun watse, wasu ma ƙila sun mutu.

Na ce ya karanto min sunayen duk da haka, a hankali, ɗaya bayan ɗaya. Guga ɗaya ne da igiyarsa, kuma a gabana aka karɓa.